Zuwa ga Edita: lissafin maganaɗisun wayoyi biyu, a fara da zane kafin kalkuleta

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana akan wani darasi na fizis da ya daɗe yana damuna, wato yanda ake koyawa yara lissafin filin maganaɗisu da yake kewaye wayoyi biyu da aka jera kafaɗa da kafaɗa kuma karan, wato wutar lantarki mai gudana, na bi ta cikinsu. Ni malamin fizis ne, kuma abinda nake gani a takardun yara kullum iri ɗaya ne, yaro ya haddace fomula tsaf, ya saka lambobi daidai, ya danna kalkuleta daidai, amma amsar ƙarshe ta fito ba daidai ba saboda bai san ko tarawa zai yi ko ɗebewa ba, sai kawai ya tara tunda dai abu biyu ne a gabansa. Wallahi abin yana min ciwo, don yaran nan ba daƙiƙai bane, kawai dai an basu rabin darasin an riƙe rabi.

Shi fomulan ai ba wani dogon abu bane. In kana da doguwar waya miƙaƙƙiya kuma karan I yana bi ta cikinta, ƙarfin filin maganaɗisu a tazarar r daga wayar shine B = μ₀I ÷ 2πr, shi kuma μ₀ ana ɗaukarsa 4π × 10⁻⁷, toh in ka soke π da π ka raba 4 da 2 abinda zai rage maka shine B = 2 × 10⁻⁷ × I ÷ r, karan a amfiya, tazara a mita, amsa a tesla. Ni har hanya mai sauƙi nake bawa ɗalibai, nace in tazarar a santimita take ka ninka karan ɗin sau 20 ka raba da tazarar, amsar zata fito maka a maikirotesla, wato kashi ɗaya cikin miliyan na tesla. Amfiya 10 a tazarar santimita 10, 200 raba 10, maikirotesla 20 kenan, ko biro baka ɗauka ba. Kuma yana da kyau yaro ya san wannan lambar me take nufi, filin maganaɗisun duniyar nan da yake juya allurar kamfas yana tsakanin maikirotesla 25 zuwa 65 ne ya danganta da inda kake tsaye a doron ƙasa, kaga kenan maikirotesla 20 abu ne da kamfas zai ji shi sosai.

Amma fa wannan fomulan girma kawai yake baka. Filin maganaɗisu yana da girma kuma yana da inda ya fuskanta, kuma anan ne ake barin yara a baya. Filin baya fita daga jikin waya ya miƙe waje, kewaya wayar yake yi zobe zobe, na kusa da ƙarfi na nesa da rauni. In kana son sanin ta wane ɓangare yake kewayawa sai ka kama wayar da hannun dama, babban yatsa ya nuna inda karan ya nufa, sauran yatsun huɗu yanda suka naɗe jikin wayar haka filin yake juyawa. Hannun dama fa nace, don da yawa yaro yana riƙe da biro a dama sai ya ɗaga hagu ya gwada, shikenan komai ya juye masa. Kuma karan ɗin da ake nufi shine wanda aka saba zanawa daga fozitif zuwa negetif, ba tafiyar ilektiron ba.

Toh yanzu mu ɗauki wayoyi biyu. Abinda nake roƙon malamai su dinga tilastawa yara shine kafin a rubuta ko lamba ɗaya a fara zana wayoyin kamar kana leƙensu ta baki, wato ɗan da'ira biyu a takarda, in karan yana shiga cikin takardar ka sa alamar × a ciki, in yana fitowa wajenka ka sa ɗigo. A ce waya ta hagu da ta dama, tsakaninsu santimita 20, kowacce tana ɗauke da amfiya 10 kuma duk biyun suna shiga takarda. Ka gwada da hannun dama zaka ga filin kowacce yana juyawa yanda hannun agogo yake juyawa. A tsakiyarsu daidai, wato santimita 10 daga kowacce, wurin yana dama da wayar hagu don haka filinta a nan ƙasa ya nufa, amma wurin yana hagu da wayar dama don haka nata filin sama ya nufa, 20 ƙasa 20 sama, sun cinye juna, amsa sifili. Yaron da bai yi zane ba 40 zai rubuta kuma da ƙarfin gwiwarsa, don a tunaninsa tunda karan biyun hanya ɗaya suka bi ai dole ƙarfinsu ya haɗu. Tunanin ma ba laifi bane, a waje haka ɗin ne, a tsakiya ne ba haka ba. In ka matsa santimita 10 bayan wayar dama, ta kusa zata baka 20, ta nesa tana santimita 30 zata baka kusan 6.7, duk biyun ƙasa suka nufa, sai ka tara ka samu 26.7.

Yanzu juya karan ɗin wayar dama ya zama yana fitowa daga takarda, ka canza × ɗin zuwa ɗigo. Komai nata ya juye. A tsakiya duk biyun yanzu ƙasa suka nufa, 20 da 20 ya zama 40, a can waje kuma inda muka samu 26.7 yanzu ɗebewa za'a yi, 20 a cire 6.7 saura 13.3. Wayoyin basu motsa ba, karan bai ƙaru ba, lambobin da ke cikin fomula duk suna nan yanda suke, amma amsa ta tashi daga sifili zuwa 40. Ya za'a yi yaro ya gane wannan in abinda aka bashi kawai layi ɗaya ne akan allo aka ce ya kwafa?

Akwai tambayar da masu jarabawa suke so sosai, a ce a nemo inda filin ya zama sifili in karan biyun ba daidai suke ba. Misali amfiya 3 da amfiya 6, hanya ɗaya, tsakaninsu santimita 30. Kafin lissafi ma hankali zai gaya maka wurin yana tsakani kuma ya fi kusa da mai rauni, don sai ka matso kusa da ita sosai sannan zata iya ja da babbar. A ce wurin yana tazarar x daga ƙaramar, 3 ÷ x dole ya zama daidai da 6 ÷ (30 − x), ka ninka su giciye, 90 − 3x = 6x, x ya zama 10. Santimita 10 daga ƙaramar, 20 daga babbar, ka duba da waccan hanyar mai sauƙi, 60 raba 10 shida, 120 raba 20 shida, sun yi kunnen doki. Kaga 2 × 10⁻⁷ ɗin ma ko shigowa bai yi ba, amma sai kaga yaro ya cika rabin shafi da shi.

Inda abin ya fi daɗi a wajena shine in wurin da ake tambaya baya kan layin da ya haɗa wayoyin, don nan ne tarawa da ɗebewa duk basa aiki. Bari in bada wanda nake yawan sawa a aji. Wayoyi biyu tsakaninsu santimita 5, kowacce amfiya 12, ana son filin a wani wuri da yake santimita 3 daga ta farko, santimita 4 daga ta biyu. Duk wanda ya ga 3 da 4 da 5 ya san kusurwar da ke wurin nan digiri 90 ce. Ta farko ta bada 240 raba 3, maikirotesla 80, ta biyu 240 raba 4, maikirotesla 60. Toh filin kowacce waya a kowane wuri yana gicciye ne da layin da ya taso daga wayar zuwa wurin, tunda kewaya yake yi, kuma tunda layukan biyu sun haɗu a digiri 90 su ma filayen biyu a digiri 90 suke da juna, sai a koma ga ƙa'idar Faitagoras ta alwatika mai kusurwar digiri 90, 80 sau 80 da 60 sau 60, 6400 da 3600 ya zama 10000, tushensa 100. Amsa maikirotesla 100, ba 140 ba kuma ba 20 ba. Wani abin sha'awa anan, ko ka juya karan ɗin ɗaya daga ciki girman yana nan 100, inda ya fuskanta ne kawai zai canza. Ranar da yaro ya zana kibiyoyin nan biyu da hannunsa ya ga sun yi kwana, zaka ga fuskarsa ta canza, daga nan baya ƙara tambayar ka malam tarawa ake ko ɗebewa.

Malam Edita wannan ilimin fa da gani aka fara shi ba da fomula ba. A shekarar 1820 wani malami ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Oersted ya lura allurar kamfas tana karkacewa in aka saki karan a wayar da ke kusa da ita, labari ya isa Faransa, cikin ƴan makonni a watan Satumba na shekarar Andre-Marie Ampere ya nuna cewa wayoyi biyu ma ba tare da wani maganaɗisu a wurin ba suna jan juna in karan ɗinsu hanya ɗaya ya bi, suna ture juna in sun saɓa, a shekarar dai Biot da Savart suka auna yanda ƙarfin yake raguwa da nisa. Mutanen nan da batir da waya da allura suka yi aikin. Mu kuma yau muna koyar da shi babu ko ɗaya daga ciki a aji, alhali abin gwajin bai fi ƙarfin kowa ba. Ka ajiye kamfas a tebur ka bari allurar ta nutsu, ka shimfiɗa waya a samanta ta bi tsawon allurar, ka taɓa bakin wayar a ƙaramin batir na ɗan daƙiƙa, allurar zata yi tsalle gefe, ka juya batirin ta yi ɗaya gefen, ka mayar da wayar ƙarƙashin kamfas ɗin ta sake juyawa. Amfiya 2 a tazarar santimita 1 maikirotesla 40 ne, kusan ƙarfin na duniya, shi yasa take motsi haka. Ka lanƙwasa wayar gida biyu ta tafi ta dawo a manne da juna ka sake gwadawa, allurar da ƙyar zata motsa. Gani ya kori ji. Yawancin manyan wayoyin hannu ma suna da abin auna maganaɗisu a ciki, shi kamfas ɗin wayar yake amfani da shi, akwai manhajojin da zasu nuna maka lambar a maikirotesla tana hawa tana sauka. Sai dai don Allah da ƙaramin batir kawai, kuma taɓawa ake a saki don wayar gwajin da batirin suna zafi da wuri, kar wani ya kusanci soket da wannan gwajin.

Maganar ja da turewa kuwa daga wancan zanen dai take fitowa. Waya ta biyu tana zaune ne a cikin filin ta farko, kuma duk wayar da ke ɗauke da karan in tana cikin filin maganaɗisu a gicciye sai ta ji ƙarfi, shine ake samun F ÷ L = 2 × 10⁻⁷ × I₁ × I₂ ÷ d, F ƙarfin, L tsawon wayar, d tazarar da ke tsakaninsu, amsa a niyuton a kowace mita. Anan ma yara suna rikicewa don sun riga sun haddace cewa caji iri ɗaya ture juna suke, sai su ɗauka karan ma haka ne, alhali shi akasin haka ne, masu tafiya hanya ɗaya su ke jan juna. Wani kuskuren kuma, in ɗaya tana da amfiya 3 ɗaya 6 sai yaro yace babbar ta fi jan ƙaramar, a'a, ƙarfin da kowacce take ji daidai yake da na ƴar uwarta, fomulan ma ya nuna tunda ninka su aka yi, dokar Newton ta uku ce. Kuma kar a manta waya bata jin filin kanta a wannan lissafin, na maƙwabciyarta take ji.

Wani zai ce toh wannan ɗan ƙarfin me zai yi, kuma gaskiya ne a misalinmu na amfiya 10 da santimita 20 abin 0.0001 ne na niyuton a mita, kamar nauyin miligiram 10 kacal. Amma ka lura karan biyu ake ninkawa, in ka ninka karan sau 10 ƙarfin sau 100 zai ƙaru. A manyan tashoshin wuta in aka samu shot, wato wayoyin wuta suka haɗu kai tsaye, karan yana iya haurawa dubban amfiya cikin ƙiftawar ido, a ce amfiya 40,000 a sandunan tagulla biyu da ke santimita 10 tsakani, ka lissafa, niyuton 3,200 a kowace mita, wato kamar nauyin sama da kilo 300 ya faɗo akan kowace mita ɗaya ta sandar lokaci guda. Dalilin da yasa injiniyoyi suke ɗaure sandunan nan da maƙalai masu ƙarfi kusa kusa kenan, lissafin nan da yaro yake gani kamar wahalar banza shi suke yi kafin su san tazarar da zasu bari tsakanin maƙali da maƙali. Ita kanta amfiyar da muke ta ambata, daga 1948 har zuwa watan Mayun 2019 da wayoyi biyun nan aka bayyana ta a duniya, wato karan da in ya bi wayoyi biyu dogaye da ke mita ɗaya tsakani zai sa su ji ƙarfin 2 × 10⁻⁷ niyuton a kowace mita, daga 2019 ne aka koma bayyana ta da cajin ilektiron. Kaga lambar nan 2 × 10⁻⁷ ba daga sama ta faɗo ba.

Su kuma masu aikin wayarin, wannan darasin suna aiki da shi kullum ko da basu kira shi da sunansa ba. Mai kilam mita, na'urar auna karan da ake maƙalawa a jikin waya, ya san in ya maƙala ta akan kebul gaba ɗaya, layif mai kawo wuta da nutural mai mayar da ita a tare, sifili zata nuna masa ko da hita ce a kunne, sai ya ware waya ɗaya ya kama sannan ta karanta. Dalili shine karan da ya tafi ta ɗaya shi ya dawo ta ɗayar, filayensu sun kashe juna. In ka lissafa, waya ɗaya mai amfiya 10 tana bada maikirotesla 2 a tazarar mita ɗaya, amma in ta tafi ta dawo da milimita 3 tsakani abinda zai rage a mita ɗayan nan kusan maikirotesla 0.006 ne kawai, kuma daga nan in ka ninka nisa sau biyu raguwa yake sau huɗu ba sau biyu ba. Birekar nan da take yanke wuta in karan ya zurare ta jikin mutum ko ƙasa ita ma haka take aiki, layif da nutural suna ratsa zobe ɗaya, muddin abinda ya tafi shi ya dawo shiru kake ji, da zaran an samu bambanci, a irin na gidaje miliamfiya 30, sai ta faɗi. Kebul ɗin intanet ma da zaka fere shi zaka ga wayoyin bibbiyu ne a murɗe da juna, don filin da suke fitarwa da wanda suke kwasowa daga waje ya dinga soke kansa. Ina ganin da ana faɗawa yara waɗannan a ranar da aka fara darasin, da ba sai an roƙe su su saurara ba.

Abu ɗaya da ya kamata malamai su dinga faɗa kuma, fomulan nan na doguwar waya ne miƙaƙƙiya, yana aiki ne in tazarar da kake aunawa ƙarama ce sosai akan tsawon wayar kuma ba kusa da bakinta kake ba. In waya guntuwa ce ko an naɗe ta zobe, lissafin daban ne. Sai kuma santimita da ake mantawa ba'a mayar mita ba, wannan kam ya cinye maki ba adadi.

Roƙona gare ka Malam Edita, in da hali a ware ɗan gefe a jaridar nan ko sau ɗaya a wata a dinga kawo irin wannan darasin da Hausa, da zanensa, da'ira biyu da × da ɗigo da kibiyoyi, don yaro in ya ji bayanin da harshen da yake tunani da shi ya fi zama masa, in ya so a jarabawa ya rubuta da duk yaren da aka tambaye shi. Su kuma ƴan uwana malamai masu duba takarda, don Allah a dinga ware maki na zane daban, yaron da ya zana kibiyoyinsa daidai ya kuskure a ninkawa ya fi fahimtar fizis akan wanda ya dace da amsa ta hanyar canki canka.

Ga guda ɗaya na barwa ɗalibai masu karanta jaridar nan su gwada. Wayoyi biyu tsakaninsu santimita 20, ta hagu amfiya 4 tana shiga takarda, ta dama amfiya 12 tana fitowa. A ina filin zai zama sifili, tsakaninsu ne, ko bayan ta hagu, ko bayan ta dama, kuma santimita nawa daga ta hagun? A fara da zanen a tantance ɓangaren tukuna, in an samu lambar a gwada ta da 20 sau karan raba tazara a ga ko biyun sun zo daidai. Wanda ya samu ya turo wa Edita, in an buga zan duba in sha Allah.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
wani malamin fizis mai karanta jaridarku